Ranar da Na Riga Kawu Isa Barkiya

Kawu ya rasu da hantsi, cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Ni waya aka buga mini a wurin aiki, masinja ya miƙo mini 'yar takarda ina tsaye a bakin ƙofa: kawunka ya rasu, ka zo. Da na karanta sai da na yi wata irin dariya marar daɗi. Mutumin da ya shekara talatin yana kai wa jama'a labarin mutuwa kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu, ga yadda nasa labarin ya iske ni.

Na iso Dutsin-Ma an riga an kai shi. Tabarmi tun daga ƙofar gida har gindin tsamiya, mutanen Kurfi, mutanen Kuki, da waɗanda ban taɓa gani ba. Na zauna makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin inda masu ta'aziyya suka zo suna hirar nasu matattun ba sai a nan. Kowa ya shafa fatiha, sai ka ji ya ce, "Ai shi ya faɗa mani rasuwar tsohona."

Wani mahauci daga Kurfi, ƙato, yana magana yana share ido da bakin riga. Ya ce, "Ya iske ni ina riƙe da wuƙa. Sai ya ce in ara mashi ya yanke farce. Na ce Malam, wuƙar fawa? Ya ce ita yake so. Sai da ta shige ƙarƙashin cinyarsa sannan ya ce in zauna."

Wani dattijon Bafillace daga Kuki yana zaune tun safe. Da zai tashi ne ya ce, "To, yanzu kuma sai dai mu riƙa ji a hanya." Ya juyo zai ɗauki sandarsa, muka haɗa ido. Hira ta mutu a kan tabarmar nan, kowa ya kama kallon ƙasa. Babu wanda bai san abin da na yi ba.

Na shiga cikin gida wajen Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ka je Barkiya kuwa?" Na ce ban je ba. Ta ce, "Shekara huɗu." Ta juya ta ci gaba da jan carbi. Akwai wata tsohuwa a Barkiya da na cuta ba tare da na taɓa ganin fuskarta ba. Kawu ya ce in je in same ta, ya mutu ban je ba. Don haka nake wannan rubutu, ba don na fi kowa saninsa ba.

Sana'arsa hatsi. Yana bin kasuwanni, da farko da jakuna, daga baya da wani baƙin keke da ko ɗansa na cikinsa bai isa ya taɓa ba. Ba waliyyi ba ne, kada wani ya ce na ce. Yana da rowar keke, yana da riƙo, kuma in ka katse shi yana magana sai ya koma farkonta, ya sake jero ta daga tushe don ka ji jiki. Amma da yake kullum yana hanya, sai aka riƙa ba shi saƙo, kuma saƙon da kowa ke gudu shi ne ya zama nasa. Ba sarauta ba ce, ba a biyansa. In mutum ya mutu nesa da gida, sai a ce a nemo Kawu.

Abin ya ci masa fuska. Mata in sun hango shi ya jingine keke a ƙofar gida sai cikinsu ya ɗuri ruwa. Don haka ko ziyara ya zo, tun daga nesa yake ɗaga murya: "Lahiya ce, lahiya ce, gero na zo nema." A wurin ɗaurin aure can gefe yake zama, a shafa fatiha ya tashi, ko goro sai dai a bi shi da shi. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya damunsa. Ya ce, "Mai wankan gawa ma yana da abokai."

Na ga aikinsa da idona ina ɗan shekara goma sha biyu, a gidanmu. Baba ya tafi fatauci, zazzaɓi ya kama shi a hanya. Ranar Kawu bai yi kiran gero ba. Ya shigo tare da Goggo, yayar Baba, wadda sai da ya bi ta unguwarsu ya ɗauko. Inna na daka. Ya nemi ruwa, ya sha, ya nemi ƙari. Kafin ta dawo Goggo ta karɓe taɓarya, ta janye itacen murhu. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, shi da ko a gidan hakimi sai an shimfiɗa masa buzu.

Inna ta ce, "Yaya, lahiya?"

Ya ce, "Zauna tukuna."

Ta zauna. Ya ce, "Malam jiki ya yi tsanani." Daga nan ya yi shiru. Wallahi har yau in na rufe ido ina jin shirun nan, kaji na tono a bayan rumbu, Goggo ta matso ta dafa kafaɗar Inna. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba.

Inna ce ta ce, "Yaya, ya cika ko?"

Ya ce, "Ya cika jiya bayan azahar, da shahada a bakinsa. An yi mashi sutura, mutanen kirki suka sallace shi."

Da na girma ya yi mini bayani. Ya ce ba a faɗa wa mai tsaye, ba a faɗa wa wanda ke bakin wuta ko bakin rijiya, ba a faɗa wa mai ƙarfe a hannu, kuma ba a faɗa wa mutum shi kaɗai. Ya ce, "Ni ba faɗa nike ba. Kai mutum nike bakin ƙofa, shi ya buɗe da hannunsa."

Shi ya riƙe ni bayan Baba, shi ya bar ni a boko lokacin da dangi ke cewa a mayar da ni gona. Allah ya ba ni murya, ya kuma ba ni son a ji ta. Ni ke karanta wa dattawa jarida a rumfarsa, ina kaɗa kai kamar ni na rubuta. Da akwatin rediyo ya fara shigowa gari, na ji mutum yana magana daga birni ana tsit ana saurarensa, na ce ni ma sai na shiga cikin akwatin nan. Na gama makaranta, na yi jarrabawa, aka ɗauke ni koyon aikin labarai a wani gidan rediyo.

Na je rumfar da takardar ɗaukata aiki. Kawu na auna dawa. Ya ce, "Aikin mi?"

Na ce, "Faɗin labarai."

"Wa za ka faɗa ma?"

"Kowa da kowa, Kawu. Ƙasa duka, lokaci guda."

"Kana ganin su?"

"A'a."

Ya ajiye tiya. Ya ce, "To ta yaya za ka san ko wani na tsaye bakin rijiya?"

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce zamani ne ya canza. Bai hana ni ba. Shi ya raka ni tasha, ya sa aka ba ni gidan gaba kusa da direba.

Na so karatun nan kamar me. An koya mana numfashi daga ciki, da yadda ake juya takarda ba a ji ƙararta ba, da yadda ake yanke labari mai shafi biyu ya koma layi huɗu. An koya mana cewa abin da ya fi nauyi shi ake fara faɗa: wa, me ya same shi, a ina. Malaminmu wani siriri ne mai haƙuri, abu ɗaya ke tayar masa da hankali, shi ne shiru. Yakan nuna mana jar fitilar da ke saman ƙofa da babban agogon bango, ya ce muddin fitilar nan na kunne, shiru haramun ne, don mai saurare zai ɗauka akwatinsa ya lalace ya kama dukansa. Muka haddace wannan kamar karatun allo.

Da na zo hutu sai na kawo wa Kawu iyayi. A gaban mutane na ce masa abin da yake kwana yana kaiwa gida ɗaya, mu a minti guda muke kai shi gida dubu, kuma duk wannan shan ruwa da cire takalmi jan rai ne kawai, gara a faɗa wa mutum ya huta. Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, sauri ya haifi nawa." Na ce karin magana ba hujja ba ce. Ranar bai ci abinci da ni ba.

Bayan watanni ana gwada mu a ɗakin da babu mai ji, aka ce ranar kaza ni zan karanta labaran la'asar kai tsaye. Na aika gida a gaya wa kowa. Cikin labaran akwai na wata motar kaya da ta kife a hanyar kudu kwana guda kafin nan, mutane sun mutu. Sunayensu na bayan takardar, malaminmu ya ja musu layi da jan fensir, ya ce da ni a bar su sai an tabbatar iyalansu sun ji. Na ce to.

Fitila ta kama. Tsoro ya sa na zuba gudu, labarin da ya kamata ya ci minti biyar na cinye shi kafin lokaci. Na ɗaga kai, agogo ya nuna saura kusan rabin minti. Mutumin da ke bayan gilashi yana ta yi mini alama da hannu in ci gaba. Babu abin da ya rage a gabana. Na ji shirun nan yana tahowa, sai na juya takardar. Na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, da sunan uba da na gari, a natse, yadda aka koya mini. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na zo kan wanda aka rubuta mutumin Barkiya ta ƙasar Kurfi, daɗi na ji. Na ce yau na kira sunan ƙasarmu duniya ta ji.

Malaminmu ya yi mini faɗa sosai, ya hana ni karatu wata guda. Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Sai da na zo gida da sallah. Kawu ya aika a kira ni zaurensa. Ya miƙo mini ruwa, ya ce in sha. Ya ce in zauna. Na fara lissafa tsofaffin gidanmu. Ya ce babu wanda ya mutu, labari ne zai ba ni.

Ya ce ranar da na yi karatu, da safe wani direba ya kawo masa labarin hatsarin, aka ce akwai ɗan wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a Barkiya, shi ke nan gare ta. Ya hau keke. Bai miƙe ba, sai da ya tsaya Kurfi ya nemo ƙanwar matar, ya ɗora ta a baya. Hanya duk yashi, rabi tuƙi rabi turi. Da suka kai rafin da ke bakin gari ya sauka ya wanke ƙafa, ya yi la'asar, don ba ya shiga gidan mutane da ƙurar hanya a fuska. Yana sallame salla ya ji kururuwa daga cikin gari.

Akwai tela a Barkiya mai akwatin rediyo, rumfarsa jikin dangar matar. Ranar ya ƙure murya, don an ce ɗan ƙasa ne zai yi magana. Tana tsugune gaban kasko, mai na tafasa. Ta ji sunan ɗanta da na ubansa. Ta miƙe zumbur, zani ya ja kaskon, ta kai hannu ta tare.

Kawu ya ce, "Hannun dama. Yatsun sun manne, ba ta ƙara murza ƙuli ba." Ya yi shiru irin nasa. Sannan ya ce, "Tsakanina da ita bai kai tafiyar shan ruwa ba. Ka riga ni."

Na yi kuka, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ni mi ka yi mani? Ba ni ka ƙona ba. Ka tahi Barkiya."

Na ce zan je. Na rantse zan je. Sallah ta wuce, hutu ya ƙare. Wata shekarar na ce ruwa ya cinye hanya. Wata na ce sai na sami abin da zan riƙa mata. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, ni da nake magana da ƙasa duka ba na iya tunkarar tsohuwa ɗaya. Kawu bai taɓa yi mini gori ba. In na zo sallama zan koma, sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ta Barkiya ma tana nan." Shi kuwa duk mako biyu sai ya ɗaura gero a bayan keke ya kai mata, har ma bayan gwiwa ta fara ba shi wahala. Inna ta ce bai taɓa gaya wa matar ko ɗan wane ne ya yi karatun ba, kuma mutanen garin sun rufa masa asiri.

Bai ƙara zama inda rediyo ke magana ba. In an kunna a rumfa sai ya tashi ya ce zai duba jakuna, shi da ya daɗe da sayar da su. Amma Inna ta ce in an kashe yakan leƙo ya tambaye ta, "Yaron ya yi karatu lahiya?"

Na gama koyo, na kama aiki, har aka san ni. Mutane na yabon natsuwata, wai ba na gaggawa, wai ina ɗan tsayawa kafin in kira sunan mamaci. Ba natsuwa ba ce. Duk lokacin da na zo kan suna, sai in ji ƙarar mai a kasko, a ɗakin da aka toshe ko'ina don kada sauti ya shigo. Wani lokaci har ƙaurin nake ji. Na taɓa tambayar mai kula da na'ura ko wani abu na ƙonewa, ya dube ni kamar na zare. Rabona da ƙuli-ƙuli tun ranar da na fito daga zauren Kawu.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, Inna ta kira ni. Ta ce, "Babu wanda ya faɗa ma tsohuwar Barkiya. Idonta ya kusa tahiya, ba ta fita, ƙanwar tata ta rasu bara. Jibi ne ranar da yake zuwa, za ta zauna tana jiran ƙarar keke." Na ce a aika wani dattijo. Inna ta ce, "Kai za ka tahi." A rayuwata ban taɓa jin ta yi magana da muryar Kawu ba sai ranar.

Na bi mota zuwa Kurfi, na ƙarasa da ƙafa. Duk hanya ina bitar abin da zan yi, kamar daren jarrabawa. Na wanke fuska a rafi. Na nemi matar mai unguwa, na gaya mata abin da ke tafe da ni, ta yafa mayafi ta biyo ni. Ta riga ni shiga, ta leƙa murhu, ta dawo ta ce babu wuta. Na cire takalmi. Komai na yi daidai.

Na tsaya a bakin danga na yi sallama.

Tana zaune a kan tabarma, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana ɓarar gyaɗa da hannun hagu, na daman yana cikin zani. Hannun ya tsaya. Ta karkato kunne ta ce, "Sake."

Na sake.

Ta ce, "Kai ne."

Matar mai unguwa ta ce, "Iya, baƙo ne daga Dutsin-Ma."

Ta ce, "Na san shi. Shekara huɗu yana kwana cikin kunnena." Ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe, ta gyara zama da kanta. "Shigo. Wa kuma?"

Na shiga na zauna a ƙasa. Ruwan da zan nema, da maganar jiki ya yi tsanani, duk suka tsere mini. Ashe babu abin da zan lallaɓa, muryata kaɗai ta gama faɗa mata an yi mutuwa. Matar mai unguwa ta matsa ta dafa ta.

Can ta ce, "Mai keke ne ko?"

Na ce, "Shi ne, Iya. Kawuna ne, yayan mahaifiyata."

Ta yi salati a hankali. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Ta ce, "Kullum ya zo sai ya ce mani, wanda ya yi maki wannan zai zo da ƙafarsa, yaron kirki ne. Ni ko in ce Malam, ka daina ɗaukar ma mutane alkawari. Zuwansa na ƙarshe ma sai da ya faɗa." Ta girgiza kai. "Ashe nashi ne. Bai taɓa cewa nashi ne ba."

Na ce, "Iya, na zo ne ki yafe mani. Ni na..."

Ta ɗaga hannun nan daga cikin zani, na gan shi. Ta ce, "Na yahe tun da daɗewa, don shi. Ka zauna, ka huta, a kawo maka fura. Amma don Allah, ɗana, kada ka ƙara magana. Ba ni iya jin ta."

Na zauna a gabanta har aka kira la'asar, ban ce uffan ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya sa mala'iku su tarbe shi a hankali kamar yadda ya tarbi bayin Allah. A zuci na yi masa wannan addu'a, don a gidan nan ba ni da izinin yin ta da baki.